Gadojin katako masu rufi na Vermont da ruwan bazarar da ke neman kwashe su

A arewa maso gabashin Amurka akwai wata 'yar jiha mai suna Vermont, wadda mutanenta ba su kai 700,000 ba. Duwatsu da dazuzzuka da gonakin shanun madara sun cinye yawancin ƙasarta. Idan jihar za ta tallata kanta ga baƙi, hoton da ta fi nunawa shi ne na wata irin gada ta katako da aka yi wa bango da rufi, wadda mai hangen ta daga nesa zai ɗauka dogon ɗaki ne aka ɗora a kan kogi. Kusan 100 ne suka rage a jihar, kuma idan aka auna da girman ƙasa, babu jihar da ta kai ta yawansu. Pennsylvania ta fi ta a ƙidaya, tana da wajen 200, Ohio da Indiana ma suna da nasu. A ƙarni na 19 an gina irin waɗannan gadoji fiye da 10,000 a faɗin Amurka. Yau waɗanda ke tsaye ba su kai 1,000 ba.

Tambayar da kowane baƙo ke fara yi ita ce, me ya sa za a yi wa gada rufi? Masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora suna da amsoshi masu daɗin ji. Wasu su ce don kada doki ya ga ruwa yana gudu a ƙasa ya firgita. Wasu su ce don matafiyi ya fake idan hadari ya taso. Akwai ma masu ba da labarin samari da 'yan matan da, waɗanda ke rage gudun keken doki idan sun shiga duhun gada, nesa da idon iyaye. Duk waɗannan sun faru, amma babu ɗaya a ciki da zai sa talakawan ƙauye su yarda a ƙara musu haraji don sayen katakon rufi. Dalilin na kuɗi ne. Katakon da ruwa ke duka ya jiƙe, rana ta busar da shi, ruwa ya sake dukansa, ba ya daɗewa. Da zarar laimar da ke cikin itace ta wuce kashi 20 cikin 100, funfuna ta samu wurin zama, ruɓewa kuma ta kan fara ne daga mahaɗa, inda aka sassaƙe katako biyu aka cusa ɗaya cikin ɗaya, domin a nan ruwa ke kwanciya. Gadar katako da aka bari a fili ta kan yi shekara 10 zuwa 20 ta lalace. Wadda aka rufe tana iya haura shekara 100. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan lissafi: katangar da aka kula da yaɓenta da indararonta tana ganin jikoki, wadda aka bar ruwa na zuba mata a ka kuwa damina uku ta ishe ta.

Abin da ake karewa ba daɓen da ake takawa ba ne. Daɓen mai araha ne, idan ya ci sai a cire a sa wani. Dukiyar tana gefe biyu, wato ƙirar manyan katakan da aka harhaɗa suka ɗauki nauyin gadar daga wannan gaɓa zuwa waccan. Akwai wata al'ada da ke tabbatar da haka. A lokacin sanyi, sa'ad da dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi kuma kowa ya koma amfani da keken da ake ja a kan ƙanƙara, garuruwa su kan biya mutum ya riƙa ɗibar dusar da shebur yana shimfiɗawa a cikin gadar, don keken ya samu santsin wucewa. Da rufin don jin daɗin matafiyi aka yi shi, da ba a yi wannan wahala ba.

Tarihin abin a Amurka ya fara ne a birni. A 1805 wani gwanin kafinta mai suna Timothy Palmer ya kammala wata babbar gada a kan kogin Schuylkill a Philadelphia, shugaban kamfanin da ya ba da aikin kuma, alƙali Richard Peters, ya dage sai an lulluɓe ta don kuɗin da aka zuba kada ya ruɓe. Daga nan dabarar ta bazu. Theodore Burr ya yi rajistar tasa ƙirar a 1817, inda ya haɗa baka na katako da tsayayyun ginshiƙai. William Howe ya zo a 1840 da sandunan ƙarfe da ake iya ɗaurewa da noti idan gada ta fara saki, abin da kamfanonin jirgin ƙasa suka yi na'am da shi. Amma wanda ya fi yi wa ƙauyuka rana shi ne Ithiel Town, da ƙirarsa ta 1820. Shi bai nemi manyan gungume ko gwanin sassaƙa ba. Falankai ne na yau da kullum, irin waɗanda kowane injin yanka katako na ƙauye ke fitarwa, a gicciya su a karkace kamar raga, a huda duk inda biyu suka haɗu, a buga ƙusa ta itace. Kafintan gari da 'yan aikinsa suna iya haɗa ta a kan tudu kafin a ja ta zuwa kan ruwa. Town ya riƙa karɓar dala 1 a kan kowace ƙafa ta tsawon gadar da aka gina da ƙirarsa, ya kuwa yi arziki.

Wanda ya shiga irin wannan gada da rana tsaka zai ga abin da idonsa. Haske na ratsowa ta tsakanin falankan bango, yana zana layuka a kan daɓe. Ƙusoshin itacen, kowace kaurinta ya kusa na wuyan hannun yaro, sun leƙo bibbiyu ko uku-uku a kowace mahaɗa, kawunansu sun yi baƙi don tsufa. A jikin wasu katakan har yanzu ana ganin sawun gizago. Mota ta shigo, daɓen ya ɗauki ƙara kamar ana buga ganga, ginin ya ɗan girgiza, ya koma ya natsu. Gadar da ta haɗa Cornish a New Hampshire da Windsor a Vermont, a kan kogin Connecticut, ƙirar Town ce. An gina ta a 1866 bayan ambaliya ta kwashe waɗanda suka gabace ta, tsawonta mita 137, an kuma ci gaba da karɓar kuɗin wucewa a kanta har 1943. A goshinta akwai rubutun da ke gargaɗin mahayi ya bi da dokinsa a hankali ko ya biya tarar dala 2. Gargaɗin na da tushe, domin sukuwar dawakai da ke faɗuwa a tare tana sa gada rawa, rawar kuma tana sassauta mahaɗai. Motoci na bin ta har gobe.

To ina yanayin bazara ya shigo?

Bazarar Vermont gajeriya ce, daga Yuni zuwa Agusta, kuma zafi da ruwan sama tare suke zuwa. A birnin Burlington zafin rana a watan Yuli ya kan tsaya wajen digiri 28 a ma'aunin Salshiyos, da dare ya sauka ƙasa da 20, a kan duwatsu kuma ya fi haka sanyi. Ga mutumin New York ko Boston da gumi da cunkoso suka ishe shi, wannan hutu ne. Mutanen jihar kansu sun jira ta da daɗewa: sun sha watanni na dusar ƙanƙara, sannan Maris da Afrilu hanyoyin ƙasa su zama taɓo, Mayu da farkon Yuni wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo su hana sakat. Sai Yuli ta kama abubuwa ke daidaita. Masu keke su fito da taswira suna bin gadoji ɗaya bayan ɗaya. A garin Montgomery kaɗai akwai 6, waɗanda wasu 'yan'uwa biyu 'yan gidan Jewett, masu injin yanka katako, suka gina a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. A Northfield Falls mutum na iya tsayawa cikin wata gada ya hango wata. A West Arlington, ƙarƙashin jar gadar da aka gina a 1852 a kan kogin Batten Kill, yara na wanka, manya na zaune a kan duwatsu da ƙafafu cikin ruwa, ga cocin ƙauye fari fat a gefe. Cikin gada ya fi waje sanyi saboda inuwa da iskar kogi, kuma idan hadarin la'asar ya sauko da tsawa, nan masu keke ke fakewa har ya wuce.

Cunkoso mafi girma ya kan zo ne daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da ganyaye ke rikiɗa zuwa ja da ruwan ɗorawa, amma wannan makonni ne ƙalilan. Bazara ce ke ba ƙananan masaukai da shagunan ƙauye da masu sayar da cuku da zumar bishiyar maful dogon lokacin ciniki. Gadar ba ta karɓar ko sisi a ƙofa. Aikinta shi ne ta sa mai mota ya bar babbar hanya ya gangaro ƙauye, idan ya gangaro kuwa zai sha mai, zai ci abinci, wataƙila ya kwana. Wasu yankunan sun gina sunansu kacokan a kan haka. Gundumar Parke a Indiana tana da gadoji 31, kuma tun 1957 take shirya musu biki kowace Oktoba. Gundumar Madison a Iowa tana da 6 kawai, amma wani littafin soyayya da ya fito a 1992 da fim ɗinsa na 1995 sun sa baƙi na zuwa daga ƙasashe masu nisa.

Matsalar ita ce, rufin an yi shi ne don ruwan da ke zuwa daga sama, kuma ya yi aikinsa. Ruwan da ke tasowa daga ƙasa ba shi da magani a wurinsa.

Sai an dubi shimfiɗar ƙasar kafin a gane girman abin. Jerin duwatsu ya ratsa Vermont daga kudu zuwa arewa, gangarensu na da tsayi, ƙasar da ke kansu ba ta da zurfi, kwaruruwan kuma matsattsu ne. Mutanen da suka kafa garuruwan sun zauna a bakin koguna ne domin ruwa ke juya injinan niƙa da na yanka katako, hanya da layin dogo su ma suka bi kwari. Idan aka yi ruwa mai yawa a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi, ba ya nutsewa, gangarowa yake yi gaba ɗaya, cikin sa'o'i kaɗan ƙoramar da yaro ke tsallakawa ta zama abin tsoro. Magina na da kuma, don su rage tsawon gada su rage kuɗi, su kan tura ginshiƙan dutse na gaɓa cikin kogin, su matse masa wuya. A ranar ambaliya wannan matsi ne ke ƙara wa ruwa gudu, ya riƙa rarake ƙarƙashin ginshiƙi. Idan kuma ruwan ya kai ga daɓe, abubuwa biyu ke haɗuwa a kan gadar: katako yana iyo, bangon da aka yi don kare ta kuma ya zama faffadan allon da ruwa ke turawa, ga bishiyoyi da tankunan gas da tarkacen gidaje suna dukanta.

A Nuwamban 1927 jihar ta ga ambaliya mafi muni a tarihinta. Mutum 84 suka rasu, har da mataimakin gwamna, gadoji fiye da 1,200 suka tafi, kusan 200 daga ciki masu rufi ne. Yawancinsu da ƙarfe da siminti aka maye gurbinsu. Ranar 28 ga Agustan 2011 ragowar guguwar Irene ta sauke ruwa a kan duwatsun, ta lalata titunan jiha na wajen kilomita 800. A ƙauyen Bartonsville wata mazauniyar wurin ta ɗauki bidiyon gadarsu, wadda ke tsaye tun 1870, tana sulalewa daga gaɓa ta faɗa kogin Williams, bidiyon ya zaga duniya. Gadar Quechee da ta Taftsville, wadda aka gina a 1836, sun ji jiki sosai. A maƙwabciyar jihar New York, gadar Blenheim ta 1855, wadda ta tsallake wajen mita 64 ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba, ta tarwatse a rana guda. Aka ce irin wannan sai an daɗe ba a sake gani ba. Sai ga 10 ga Yulin 2023, wasu wurare suka sha ruwa fiye da milimita 200 cikin kwana 2, kogin Winooski ya shiga tsakiyar Montpelier, babban birnin jihar. Shekara na zagayowa, a daidai wannan rana ta 10 ga Yuli, ragowar guguwar Beryl ta sake zubo ruwa a kan wasu daga cikin garuruwan da ba su gama share laka ba.

Masana yanayi sun bayyana dalilin. Duk ƙarin digiri 1 na zafi yana ba iska damar riƙe ƙarin tururin ruwa na wajen kashi 7 cikin 100, abin da ta riƙe kuwa sai ta sauke. Rahoton gwamnatin Amurka kan yanayi ya nuna cewa daga 1958 zuwa 'yan shekarun nan, ruwan da ke sauka a ranakun da suka fi kowanne ruwa ya ƙaru da wajen kashi 60 cikin 100 a arewa maso gabashin ƙasar, fiye da kowane yanki. Ma'ana, watannin da ke kawo baƙi da ciniki su ne suka zama na fargaba. Mai masaukin da titin garinsa ya karye a tsakiyar Yuli ya rasa kakar shekarar ke nan, ko da gadar ta tsira.

Wuta ma na nan, kuma busasshen katako na shekara 100 ba ya ba ta wahala. Tsohuwar gadar katako mai rufi ta birnin Lucerne a Suwizalan, wadda ta samo asali tun ƙarni na 14, ta ƙone a Agustan 1993 tare da yawancin zane-zanen da ke rataye a rufinta. Gadar Cedar a gundumar Madison an cinna mata wuta da gangan a 2002, aka sake gina ta, aka sake ƙona ta a 2017. Shi ya sa yanzu ake shafa wa katakan maganin rage kamun wuta, wasu kuma a sa musu na'urar gargaɗi da kyamara.

Inda ra'ayi ya rabu shi ne abin da za a yi bayan ruwa ya ci gada. Mutanen Bartonsville sun ƙi yarda da gadar siminti, suka dage sai mai rufi, aka buɗe sabuwa a Janairun 2013, an ƙara mata tsawo don kogin ya samu wurin wucewa. Ta Blenheim ma an sake gina ta, aka ɗaga ta sama da inda tsohuwar take. Masu tsaurin ra'ayi kan kayan tarihi suna cewa wannan kwaikwayo ne, sabon katako da sabon ma'auni ba su da tarihi. Wasu kuma, musamman masu biyan haraji a ƙananan garuruwa, suna tambaya ko ya dace a zuba miliyoyin daloli a gada mai layi ɗaya da motar kashe gobara ko babbar motar ɗaukar madara ba za ta iya bi ba. Tambayar tana da nauyi, domin da yawa daga cikin gadojin mallakar garuruwa ne masu mutum 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai. A 1998 majalisar dokokin Amurka, da ƙoƙarin Sanata Jim Jeffords na Vermont, ta kafa wani shiri na musamman mai ba da kuɗin gyaran gadoji masu rufi, amma tun bayan 2012 ba a sake ware masa kuɗi na kansa ba, sai dai gadojin su shiga layi tare da sauran ayyukan hanya.

Ni ina tare da mutanen Bartonsville. Babu gadar da ta kai shekara 150 da katakonta na farko duka. An sha canza mata rufi, an canza daɓe, an yanke ƙarshen da ya ruɓe inda ta zauna a kan dutse an dasa wani. Abin da ya ɗore shi ne ƙirar, da sanin yadda ake haɗa ta, da kasancewarta hanyar da mutane ke bi zuwa aiki da makaranta. Sanin nan kuwa ba ya rayuwa sai ana aiki da shi. A 1969 Milton Graton, wani kafintan New Hampshire da ya ba da rayuwarsa ga wannan sana'a, ya gina sabuwar gada a garin Woodstock na Vermont da ƙusoshin itace, ya sa shanu suka ja ta zuwa kan kogi yadda kakanni ke yi, iyalinsa kuma suka gaji aikin. Idan aka daina gina sababbi da gyara tsofaffi, shekaru kaɗan za a nemi mai wannan hannu a rasa. Gadar da aka cire daga kan ruwa aka ajiye a filin shaƙatawa ta tsira daga ambaliya, amma ba wanda zai damu da yoyon rufinta kamar mutumin da ke bin ta kullum. Saboda haka ɗaga gada da ƙara mata tsawo bai zama cin amanar tarihi ba a wurina.

Zama cikin hidima ma na da nasa haɗari. A garin Lyndon, manyan motocin kaya da na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam ke turowa sun yi ta karo da goshin gadar Miller's Run, duk da allunan gargaɗi, har garin ya kafa shingen ƙarfe a gabanta don mota ta daki ƙarfe maimakon katako.

Amma maganin ambaliya mafi ƙarfi ba a jikin gadar yake ba, yana can sama da ita. Lokacin Irene, kogin Otter Creek ya yi wa yankin Rutland ɓarna mai yawa. Garin Middlebury yana ƙasa da Rutland a kan kogin nan, don haka an zaci nasa zai fi muni, sai ya zo da sauƙi. Tsakanin garuruwan biyu akwai fadamu masu faɗi da ba a cike su an yi gini ba, ruwan ya bazu a cikinsu, ya kwana, ya riƙa fita a hankali cikin kwanaki. Gadar Pulp Mill mai layi biyu, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a jihar, tana bakin Middlebury, kuma ruwan ya wuce ta ƙarƙashinta. A 2024 Vermont ta yi dokar da ta ba jiha ikon sa ido kan gine-gine a kan hanyoyin da koguna ke bi idan sun cika, ta kuma ƙara kare fadamu. Masu filaye a bakin ruwa da wasu shugabannin garuruwa sun yi ƙorafi, ganin cewa jihar na fama da ƙarancin gidaje, filin da ya fi sauƙin gini a ƙasar duwatsu kuwa shi ne na kwari.